Nana Asma'u: Marubuciyar da ta mayar da alhini makarantar mata

Sunan Nana Asma'u ba baƙo ba ne a Arewacin Najeriya. Yana jikin allunan makarantun 'yan mata, yana ƙofar ɗakunan kwanan ɗalibai a manyan makarantu, ƙungiyoyin mata da dama kuma da shi suke amsawa.

Sai dai idan aka nemi masu shiga waɗannan wurare kullum su ambaci waƙa ɗaya daga cikin waƙoƙinta, sau da yawa sai a ji shiru. An san ta a matsayin 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Abin da ba a cika sani ba shi ne ta shafe fiye da shekara 40 tana riƙe da alƙalami, ta kuma bar rubuce-rubuce sama da 60 cikin Larabci da Fulatanci da Hausa.

Kaso mai yawa na wannan rubutu waƙoƙin alhini ne, waɗanda malamai ke kira marsiyya. Ta yi wa shugabanni da manyan malamai. Ta kuma yi wa maƙwabciyarta, da wata mata mai taimakon masu naƙuda, da wata dattijuwa mai jagorantar matan ƙauye zuwa ɗaukar karatu. Ba don waƙoƙin nan ba, da yau babu wanda ya san an taɓa yin waɗannan mata a duniya.

Daga Ɗagel zuwa fagen hijira

An haifi Asma'u a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir ta wancan lokaci, a wajajen shekarar 1793. 'Yan biyu ne ita da ɗan uwanta Hassan. Bisa al'ada Husaina ya kamata a kira ta, amma mahaifinta ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta guzuri a kogo lokacin hijira.

Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, don haka a hannun sauran matan Shehu ta tashi, cikinsu har da Hauwa'u, mahaifiyar Muhammadu Bello. Gida ne da karatun mace ba abin mamaki ba ne a cikinsa. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da ɗalibai a zaure alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a cikin gida. A wannan gida Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da nahawu da tasawwufi. Bayan harsuna ukun da take rubutu da su, tana jin harshen Buzaye.

Ƙuruciyarta ta ƙare da wuri. A watan Fabrairun 1804, bayan da zama ya gagara tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. Tana da kimanin shekara 11 a lokacin. A watan Yunin wannan shekara jama'a ta yi nasara a Tafkin Kwatto, amma kafin shekarar ta fita aka yi mata mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka rasa kimanin mutum 2,000, cikinsu mahaddata Alƙur'ani kusan 200.

Shekarun da suka biyo baya na yunwa ne da cuta da yawan ƙaura, daga Zamfara zuwa Gwandu, har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808. Yarinyar da ta ga wannan duka da idonta ta san yadda ake rasa mutum tun kafin ta fara rubuta alhini.

A cikin waɗannan shekaru ne, wajajen 1807, aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama Wazirinsa. Ta haifi 'ya'ya maza shida. Babbansu, Abdulƙadir, shi ya gaji mahaifinsa a wazirci.

Zamani ɗaya, duniya biyu

Shekarun rayuwar Asma'u sun zo daidai da zamanin da Turawa ke kira Romantik a tarihin adabinsu da zane-zanensu, wato daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19. Marubutan wannan zamani sun gaji da tsarin da ya fifita lissafi da ƙa'ida a kan komai. Sai suka koma ga abin da zuciya ke ji: kewa, tsoro, ƙauna, baƙin ciki, da girman halittar Allah a tsaunuka da tekuna.

A Ingila, Wordsworth da Coleridge sun fitar da kundin waƙoƙinsu Lyrical Ballads a 1798, da niyyar yin waƙa da irin harshen da talakawa ke magana da shi, a kan rayuwar makiyaya da manoma. Shelley, wanda aka haifa a 1792, tsaran Asma'u ne. Da abokinsa John Keats ya rasu a 1821 yana da shekara 25, ya yi masa doguwar marsiyya mai suna Adonais. A Jamus, Goethe ya fitar da wani diwani a 1819 bayan ya karanta waƙoƙin Hafiz na Farisa. A Faransa, mai zane Delacroix ya tafi Maroko a 1832 neman sababbin launuka da fuskoki.

Babu wata alaƙar karatu tsakanin waɗannan mutane da Asma'u. Ita gadonta daga waƙoƙin Larabawa ne na da, da na begen Annabi, da na malaman gidansu. Abin da ya haɗa duniyoyin biyu bai wuce hanyoyin fatauci ba. Yawancin takardar da malaman ƙasar Hausa ke rubutu a kai a ƙarni na 19, mai tambarin jinjirin wata uku, daga Italiya take fitowa, ta ratso Sahara a bayan raƙuma zuwa kasuwanni irin na Kano.

Ta irin waɗannan hanyoyi ne Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya riƙa amsa sunan Abdullahi a tafiyarsa, ya isa Sakkwato a 1824, aka kuma damƙa kula da shi a hannun Waziri Giɗaɗo, mijin Asma'u. A zuwansa na biyu, a 1826, ya taso daga Zariya ya bi ta Bebeji, wadda ya tarar babban gari ne na 'yan kasuwa, kafin ya shiga Kano a watan Yuli. Ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1827, aka buga labarin tafiyarsa a Landan a 1829. Masu karatu a Ingila sun san sunan Giɗaɗo tun a lokacin. Sai da aka yi fiye da ƙarni ɗaya da rabi kafin jikokinsu su karanta waƙoƙin matarsa.

Kwatanta ɓangarorin biyu yana da amfani ta fuska ɗaya. Duka sun ɗauki baƙin cikin mutum ɗaya a matsayin abin da ya cancanci a yi masa waƙa, duka kuma sun nemi kusantar harshen talaka. Inda suka rabu shi ne manufa. Mawaƙin Turai na wancan zamani yakan tsaya shi kaɗai yana sauraron zuciyarsa, a buga littafinsa a sayar. Asma'u kuwa takan fara da hawayenta, ta ƙare da darasin da wata mata a ƙauye za ta haddace ta yi aiki da shi.

Kowane harshe da masu shi

Rubutunta na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilin, cikin Larabci, a 1820, shekara uku bayan rasuwar mahaifinta. Daga nan ba ta ajiye alƙalami ba sai dab da rasuwarta.

Takan zaɓi harshe gwargwadon wanda take son ya ji. Larabci na malamai ne, har da na nesa, kamar malamin nan na Shinƙiɗ a Muritaniya da ta yi wa waƙar maraba. Fulatanci na 'yan gida ne da danginta. Hausa kuwa ta jama'a ce, musamman matan karkara da ɗimbin matan da yaƙe-yaƙe suka mayar zawarawa ko aka kamo su aka shigar da su gidajen Sakkwato da Wurno, waɗanda da yawansu bori suka sani a matsayin mafaka idan ciwo ko damuwa ta zo.

Wannan ya sa takan juya aiki ɗaya zuwa harshe fiye da ɗaya. Waƙarta mai suna Sunago ta tattara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti 30 kacal, yadda mace za ta iya riƙe su a ka. Ta fara yin ta da Fulatanci, sannan aka same ta da Hausa. A 1831 ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa, waƙar da ke jan kunnen masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci. Ƙaninta Isa ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara layi uku a kan kowane baiti mai layi biyu ya zama biyar.

Lokacin da Bello ya rubuta Kitabun Nasiha a kan salihan mata, ita ta mayar da shi waƙa, wadda aka sani da Hausa da sunan Tawassuli ga Mata Masu Albarka. A ciki ta jero matan Annabi da 'ya'yansa, da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta sauko ta haɗa da matan da ta sani a jama'ar Shehu. Mai sauraro sai ta gane cewa silsilar nan ba ta yanke a Makka ko Basra ba, ta iso har unguwarsu.

Waƙoƙin a rubuce suke da ajami, bisa karin waƙar Larabci, da amsa-amo guda daga farko har ƙarshe. Sukan buɗe da godiya ga Allah da salati, da yawa kuma su rufe da ramzi, wato kalmar da idan aka haɗa lissafin haruffanta za ta ba da shekarar Hijira da aka yi waƙar. Wannan ramzi ne ya taimaka wa masu bincike suka jera ayyukanta bisa shekaru.

Ta iya wasa da fasaha idan ta so. A 1822, lokacin da abokan gaba suka matsa wa Sakkwato, ta amsa wa Bello da wata waƙa wadda idan aka tsinci harafin farko na kowane baiti aka haɗa, sai a sami ayar nan ta Suratus Sharhi mai bushara da sauƙi a tare da tsanani.

Waɗanda ta yi wa kuka

Asma'u ta yi tsawon rai, wanda ya yi tsawon rai kuwa shi ke binne nasa. Ta yi marsiyyar baffanta Abdullahi na Gwandu, da ta ɗan uwanta Buhari, da ta mijinta Giɗaɗo, da ta 'yar uwarta Faɗima.

Rasuwar da ta fi girgiza ta ita ce ta Bello, a Wurno, a 1837. Ya girme ta da kimanin shekara goma sha biyu, shi ne malaminta kuma abokin shawararta. Ta yi masa marsiyya, sannan ta sake yin wata waƙa, Gikku Bello, a kan halayensa. Abin lura shi ne ba ta cika ta da lissafin garuruwan da ya ci da yaƙi ba. Ta fi tsayawa a kan adalcinsa, da tsantseninsa game da dukiya, da kula da baƙo da mai rauni. Masu nazari da dama na ganin cewa da wannan yabo take nuna wa waɗanda suka hau mulki bayansa ma'aunin da za a auna su da shi.

A 1855 aminiyarta A'isha, matar Bello, ta rasu. Sun yi zaman tare na shekaru masu yawa, tun daga wahalhalun farko. A marsiyyar da ta yi mata ba ta ɓoye raɗaɗinta ba, ta kuma kare kukanta da hujjar malamai: shari'a ba ta hana zubar da hawaye ba, kururuwa da ihu ta hana. Wannan fatawa ce a cikin alhini, kuma duk macen da ta taɓa rasa ƙawa ta san amfaninta.

Sai kuma matan da ba 'ya'yan sarauta ba. Akwai Halima, maƙwabciyarta, wadda ta yi wa waƙar Alhinin Mutuwar Halima da Hausa, tana yaba kirkinta da haƙurinta da riƙon zumuncinta. Akwai Zaharatu, wadda aka sani da zuwa wurin masu naƙuda da tsayawa a kan gawar mata da koyar da na ƙasa da ita. Akwai Hauwa'u, ɗaya daga cikin jagororin da ke kawo mata ɗalibai daga ƙauye.

Littattafan tarihin wancan zamani cike suke da sunayen sarakuna da sarakunan yaƙi da alƙalai. Asma'u ta ɗauki irin karin da ake yi wa manyan malamai marsiyya da shi, ta yi wa ungozoma. Ta haka ta shaida wa masu sauraronta cewa karɓar haihuwa da sulhunta 'yan uwa da kyautata wa maƙwabci ayyuka ne da suka isa a rubuta, kuma hanyar samun daraja a wurin Allah a buɗe take ga macen da ba ta taɓa fita daga ƙauyensu ba.

'Yan Taru: makarantar da ke tafiya da ƙafa

Waƙa ba ta da amfani idan ta tsaya a cikin gafaka. Matsalar da Asma'u ta fuskanta ita ce matan da suka fi bukatar karatun suna ƙauyuka masu nisa, kuma matan aure masu ƙananan yara ba su da halin barin gida.

Maganin da ta samo, daga wajajen ƙarshen shekarun 1830, shi ne tsarin da aka sani da 'Yan Taru. A kowane ƙauye takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana ta naɗa ta jaji, sunan da aka aro daga jagoran ayarin fatake. Takan ba ta malfa da jan rawani a matsayin alamar izini. Ita malfar nan an san ta a kan Innar Gobir, shugabar 'yan bori a tsohuwar masarautar. Asma'u ba ta jefar da alamar da mata suka saba girmamawa ba, sai ta canza mata aiki.

Jaji takan taso da ayarin tsofaffin mata da 'yan matan da ba su yi aure ba, su yi tafiyar kwanaki a ƙasa zuwa wurin Asma'u, ɗauke da sadakar hatsi ko zuma ko man shanu ko sawaye, wadda ake rabawa mabukata. Su zauna su ɗauki karatu, su haddace waƙoƙi, su kawo tambayoyin matan da suka baro a gida. Idan sun koma sai su bi gida-gida suna koyar da matan aure alwala da salla da hukuncin haila da biƙi da gado, da tarihin Annabi, duk a cikin waƙa.

Tsarin bai bukaci gini ba, bai bukaci albashi ba, bai kuma raba mace da ɗakinta ba. Abin da ya bukata shi ne malama mai sani, da darasi cikin harshen da ake ji, da mace amintacciya da za ta kai shi.

Bayan rasuwarta

Bayan rasuwar Bello, ita da Giɗaɗo sun duƙufa wajen tattara rubuce-rubucen Shehu da adana tarihin jama'a. Shi ya rubuta Raudul Jinan a kan Shehu da Alkashfu wal Bayan a kan Bello. Ita kuma ta tsara tarihin hijira da yaƙe-yaƙen cikin waƙar Fulatanci mai suna Filitago, wadda Isa ya mayar Hausa, aka san ta da Waƙar Gewaye.

Allah Ya yi mata rasuwa a 1864 tana da kimanin shekara 71, aka binne ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato, kusa da mahaifinta.

'Yan Taru ba su mutu da ita ba. Ƙanwarta Maryam ce ta karɓi jagorancin, kuma a nan Kano ta shigo cikin labarin, domin Maryam matar Sarkin Kano Ibrahim Dabo ce, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846. Bayan rasuwarsa ta koma gida, ta ci gaba da karantarwa da rubutu. Daga hannunta aikin ya wuce zuwa wasu matan gidan, ya kuma rayu har bayan zuwan Turawa a 1903.

Takardunta sun tsira ne saboda zuriyarta ta riƙe su. Marigayi Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya fito daga tsatsonta, shi ya buɗe wa Jean Boyd, wata Baturiyar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, taskar gidansu. Boyd ta fitar da tarihin rayuwar Asma'u a 1989. A 1997 ita da Beverly Mack suka fitar da kundin ayyukanta tare da fassarar Ingilishi, wanda Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka ta buga. A yau har a birnin Pittsburgh na Amurka akwai mata Musulmi da suka kafa ƙungiyar karatu da sunan 'Yan Taru.

Abin da ya rage a gida

Abin takaicin shi ne kundin nan ya fi sauƙin samu a ɗakunan karatu na jami'o'in waje fiye da a hannun matan da aka yi waƙoƙin dominsu. Waƙoƙin da aka tsara don a rera su da baki a tsakar gida sun koma abin nazarin masu neman digiri.

Tambayar da Asma'u ta fuskanta kuwa tana nan ba ta tsufa ba. A Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran garuruwan karkara, akwai matan da aure ko nisa ko rashin hali ya yanke wa karatu, akwai kuma malamai mata da ke haɗa su a islamiyyun matan aure da yamma ko da dare, galibi ba tare da wani tallafi ba. Aikin jaji suke yi, ko da ba a naɗa musu rawani ba.

Abin da zai fi dacewa da sunanta ya wuce rubuta shi a jikin allo. Waƙoƙinta na Hausa, irin su Goɗaben Gaskiya da Roƙon Ruwa da Alhinin Mutuwar Halima, suna bukatar a fitar da su cikin boko da ajami a ƙananan littattafai masu araha, a sa su cikin manhajar islamiyyu, a kuma naɗi muryoyin masu rera su yadda za su shiga wayoyin hannu. Tafiyar da jaji ke yi a kwana uku, yau saƙon murya na yin ta cikin daƙiƙa.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya jiƙan Halima da Zaharatu da Hauwa'u, da sauran matan da ta rubuta sunayensu.